Bindigar da Na Ƙera wa Surukina

Abubuwa da yawa sun fita daga kaina a zaman Amurka, har da lambar gidan da na fara sauka, amma ba zan taɓa mantawa da ranar walimar auren Habibu, ƙanin matata, ba. Ranar ce na durƙusa a gaban zaure cike da jama'a, da bindigar da na ƙera da hannuna, ina roƙon Allah ya tsaga ƙasa in shige. Har yau in na ji ƙamshin dafa-duka sai gabana ya faɗi.

Bari in fara da surukina. Baba, mahaifin matata Rakiya, shi ne sarkin maharban garinsu, can ta wajen Birnin Kudu. Ni kuwa ɗan Fagge ne, injiniyan na'urorin sanyaya gini, mutumin da in za a yanka kaza sai ya tuna yana da kiran waya. Shekara tara ina auren 'yarsa, kuma a shekara taran nan hirarmu ba ta taɓa wuce gaisuwa ba. In durƙusa in ce, "Baba, an wuni lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau. Yaya aikin fanka?" Shi ke nan. (Sau uku na aika masa bayani ta bakin Rakiya cewa ba fanka nake gyarawa ba. Na haƙura.) Allah ya sani bai taɓa wulaƙanta ni ba. Kallo ne dai yake yi mini irin wanda ake yi wa kujerar falo, a zauna a kanta amma ba a shawara da ita. Abin yana ci mini rai fiye da yadda nake nunawa. Ko sau ɗaya ina son dattijon nan ya kalle ni ya ga ɗa.

A wannan shekarar ya zo ya sauka gidanmu a Mitchellville, don a cire masa yanar ido, kuma ya halarci auren autansa. Wata Lahadi bayan azahar muna falo, Habibu ya zo daga Manassas gaishe shi, sai Baba ya yi ajiyar zuciya, idonsa ɗaya a rufe da bandeji.

"A gidanmu," in ji shi, "ranar da ɗa zai yi aure, ubansa yakan miƙa masa bindigar gida a gaban jama'a. Ya riƙe, a yi masa kirari, ya mayar. Haka ubana ya yi mini, haka na yi wa yayyenka. Kai ne auta, Habibu, ga shi jirgi ba ya ɗaukar bindiga."

Rakiya ta sunkuyar da kai. Habibu ya shiga duba wayarsa kamar an aiko masa da wani abu. Sai aka ji wata murya daga lungun da nake zaune ta ce, "Baba, ai za a samu."

Har gobe ban san wanda ya yi maganar nan ba. Bakina ne dai ya motsa.

Baba ya juyo da idonsa mai lafiya ya ɗora a kaina. "Za a samu?"

"In sha Allahu."

Abin da na dogara da shi yana ɗakin ƙasa. Lokacin kullen korona na sayi firintar 3D don rage zaman banza. Na'ura ce da ake sa wa zaren roba mai kaurin taliya, ta narkar da shi, ta riƙa shimfiɗa shi layi a kan layi har abu ya tashi tsaye. Na buga maratayin carbi, na buga marfin buta, na buga wani abu da na ce na ajiye cokula ne wanda har yau ba cokalin da ya shiga. A tunanina wanda ya yi marfin buta, me zai gagare shi?

Da yamma Rakiya ta tare ni a kicin. "Baban Amira, ka bar maganar nan."

"Saboda me?"

"Ka dai bar ta."

Ni na ɗauka raina firintata take yi, don ta saba. Na ce mata namiji ba ya saɓa alkawari a gaban surukinsa. Ta kalle ni ta girgiza kai, ta ce, "To ka tuna a Maryland muke. In ka jawo mana 'yan sanda gida, wallahi ban san ka ba." Wannan kam ya shige ni. Nan take na yanke cewa ta ado zan yi, toshasshiya, ba rami, ba ƙarfe ko na allura, yadda ko alƙali ya ɗauka zai ce sandar roba ce. Na roƙi Rakiya ta faɗa wa Baba haka. Ta dawo ta ce ya ce, "Mu gani."

A wurin aikinmu akwai wani bature mai gemu, Randy, da kowa ya san shaƙatawarsa ita ce zana bindigogi a kwamfuta yana buga su da irin firintar nan. Shi da abokansa sukan taru ranar Asabar a garejinsa, can bayan Manassas. Na ciro hoto ɗaya tilo da muke da shi na Baba yana riƙe da adakarsa (doguwar bindigar toka ce irin ta maharba, an ɗaure ta da layu) na nufi Virginia.

Jama'a, ban taɓa rikicewa irin ta ranar ba. Ƙarti huɗu a tsaye da kofunan kofi, kowa na nuna wa ɗan'uwansa wani guntun roba suna gardama a kan awon da bai kai kaurin gashi ba. Turanci suke yi, ni ma na iya Turanci, amma ko kalma ɗaya ban kama ba. Ina ta gyaɗa kai ina cewa "haka ne". Da na fito da hoton kuwa, sai abin ya juya, su suka rikice.

"Wane kamfani ne ya yi ta?" in ji Randy.

"Maƙerin ƙauye."

"Wane irin harsashi take ci?"

Na ce a iya sanina ba ta da zaɓe, abin da aka samu take ci.

"Waɗannan ƙananan jakunkunan fatar fa?"

Na ce layu ne, suna hana ta fashewa a hannun mai ita. Ɗaya daga cikinsu ya cire tabarau, ya matso da hoton dab da hancinsa, ya tambaye ni da zuciya ɗaya ta wace hanya suke aiki. Na ce sai dai a tambayi surukina.

Inda aka yi cirko-cirko shi ne da na ce musu ba na son ta yi harbi.

"To me za a yi da ita?" in ji Randy.

"A riƙe."

"Sannan fa?"

"A mayar."

Suka kalli juna. Ni ma sai na tambaye su, tunda ga shagunan bindiga nan birjik a jiharsu, me ya sa mutum zai kwashe wata shida yana fama da roba? Suka yi mini bayani mai tsawo, ban gane ba. Na yi musu bayanin kirari, ba su gane ba. Muka rabu kowane ɓangare yana jin tausayin ɗaya.

Duk da haka Randy mutumin kirki ne. Ya zauna da hoton ya zana mini siffar waje kawai, tun daga gindi har baki. Ya ba ni shawara huɗu. Ya ce in zura sandar ƙarfe a ciki don ta tsaya. Na ƙi, saboda maganar Rakiya. Ya ce in nemi wani irin zare mai jure zafi. Na ƙi, saboda wanda nake da shi launinsa sak na ice. Ya ce in shafa wa bakinta fenti ruwan lemo don duk wanda ya hango ta ya san ba ta gaske ba ce. Wannan na bi. Ta huɗun yana faɗa ina neman makullin mota, wani abu dai game da rana. Na ce masa "ba damuwa", irin amsar da nake ba likita in ya ce in rage sukari.

Sati uku na yi ina fama. Gunduwa-gunduwa ake buga ta, kowace gunduwa sai ta ci wuni guda, kuma sau da yawa in dawo daga aiki in tarar da curin zare a hargitse maimakon gindin bindiga. Na'urar tana ta kuka a ƙasa, Baba yana jin ta daga falo. Ya tambayi Rakiya me ke ƙara, ta ce maƙerar mijinta ce. Ya ce, "Maƙera ba wuta, ba zuga-zugi?"

A ƙarshe na haɗa gunduwa bakwai da gam, na goge, na yi fenti. Layun kuma na yanko su daga wata tsohuwar jakar Rakiya (in tana karanta wannan, yanzu ta san inda jakar ta tafi) na cusa musu tishu na ɗinke. Wallahi ta yi kyau. Na jingina ta da bango na ja da baya ina kallo, har na ji ƙwalla. Ban nuna wa kowa ba. Na naɗe ta a farin yadi na ɗaure da igiya, don ina son Baba ya fara ganin ta a gaban jama'a. A cikin satin kuma aka cire masa bandeji, ido ya washe, har yana tsinto allura a kafet. Ni na kai shi asibitin da kaina. Da na san abin da ke tafe, da na roƙi likita ya ɗaga aikin zuwa bayan biki.

Ranar walima Asabar ce, tsakiyar Yuli, a wani zauren haya a Clinton. Amarya 'yar Kumasi ce, danginta Hausawan Zango, sun zo da yawa cikin fararen kaya. Katin gayyata ya ce ƙarfe ɗaya. Tun kwana biyu kafin nan na je na yi wa mai kula da zauren bayani, don kada a ga dogon ƙunshi a kira hukuma. Kun ga ai na yi tunani. Na tuna da doka, na tuna da mai zaure, na tuna da komai.

Da safe Rakiya ta cika but ɗin mota: waina, miyar taushe, zoɓo, da wata ƙatuwar tukunyar dafa-duka da aka sauke daga wuta aka wuce da ita mota kai tsaye. Kujerun baya na Baba da yara ne. Ban ga inda zan sa ƙunshina ba, sai na gitta shi a kan marfin tukunyar, tsakiyarsa a kan marfi, kai da gindi a iska. Na ma ji daɗin dabarar, don ba abin da zai danne shi.

Mun isa sha biyu da rabi, mu kaɗai. Ƙarfe biyu aka fara jera kujeru. Mata suka kwashe ƙananan kaya, amma da aka zo kan babbar tukunya wata Hajiya ta ce a bar ta a mota ta riƙe zafinta, tunda mutane ba su taru ba. Na ce shawara ce mai kyau, na rufe but da hannuna. Motar baƙa ce, tana tsakiyar filin fakin, ba ko inuwar turken lantarki. Ba a buɗe taro da addu'a ba sai bayan la'asar, wajen ƙarfe biyar. (Shekara nawa ina halartar bikin mutanenmu, amma ranar nan na yarda da abin da aka rubuta a kati.)

Bayan an yi nasihohi, mai gabatarwa ya ce mahaifin ango yana da magana. Baba ya miƙe cikin babbar riga, ya karɓi makirufo, ya yi wa surukansa na Kumasi bayanin al'adar gidansu tiryan-tiryan. Sannan ya ce, "Ta gida ba ta zo ba. Amma mijin 'yata ya ce za a samu." Duk aka juyo ana kallo na. Na fita da sauri, ƙirjina a buɗe.

Da na ɗaga but, wani tururi ya bugi fuskata. Na ɗauko ƙunshin, na ji kamar ba haka na ajiye shi ba. Ya yi wani irin gantsarewa. Zan faɗi gaskiya, na lura. Idona ya gani, hannuna ya ji, amma kaina ya ƙi karɓar saƙon. Na ce wa raina yadin ne ya zame. Na tsaya daƙiƙa biyu a rana ina juya shi, na ji ana kiran sunana a lasifika, sai kawai na rungume shi na shiga.

Mata suka ɗauki guɗa. Wayoyi suka tashi sama. Na ratsa tsakiyar zaure na durƙusa a gaban Baba, na ɗaga ƙunshin da hannu biyu. Bai kwance ba tukuna. Ya dafa shi, ya gyara murya, wata murya da ban taɓa sanin yana da ita ba ta cika zauren:

"Sai ke, mai baki ɗaya, mai magana ɗaya! Miƙaƙƙiya 'yar miƙaƙƙiya! Ke ba ki taɓa sunkuya wa namiji ba!"

Ya fizge igiya, yadi ya faɗi.

Innalillahi. Tsakiyarta ta yi sama, kai da gindi sun yi ƙasa, bakin nan mai ruwan lemo yana kallon takalmin Baba. A cikinta ga shatin hannun marfin tukunya ya fito raɗau. Ƙamshin kori da albasa ya tashi daga jikinta. Guɗa ta tsaya a tsakiya. Wani dattijo daga dangin amarya ya ce, "Ei!" Daga baya can aka ji wata mata tana tambaya, ba da wasa ba, ko ta farautar gafiya ce. Habibu ya kafe idonsa a silin, kafaɗunsa na rawa. Rakiya ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Randy, da na gayyato kuma na ara wa kaftani, yana jikin ƙofa ya dafe gemu da hannu biyu. A nan ne shawararsa ta huɗu ta dawo mini kalma bayan kalma: kada ka bar ta a mota.

Mai hankali da ya tsaya haka. Ni kuwa sai na kama ta na ɗora a gwiwa ina ƙoƙarin miƙar da ita a gaban kowa. Ta ƙi, don sanyin zauren ya riga ya daskarar da ita a haka. (Ni da zafi da sanyi ne sana'ata. Takarda gare ni a kai.) Garin kokawa laya ɗaya ta tsinke ta faɗi, tishu ya leƙo. Na ɗago na ce, "Baba, zafi ne." Ban san dalili ba kuma sai na ƙara da ba shi haƙuri da Turanci.

Baba ya karɓe ta daga hannuna. Ya juya ta, ya sake juyawa, da idon nan nasa sabo fil. Ya kai ta hanci ya sansana. Ya duba bakinta ya ce, makirufo na kunne, "Wa ya yi mata lalle?"

"Don kada a tsorata ne, Baba."

Ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya ɗaga ta sama da hannu ɗaya, ya riƙe ta ta tsakiya. "Jama'a," in ji shi, "bindigar ubana na nema. Yaron nan ya wuce da ni har wurin kakana. Mu da baka muka fara."

Ya kira Habibu ya damƙa masa, ya gyara masa hannu yadda ake riƙe baka, ya ƙarasa kirarinsa har ƙarshe ba tare da ya yi ko murmushi ba. Zaure ya kaure. Rabi na kabbara, rabi na dariya har da riƙe ciki, 'yan Kumasi na tafi don sun ɗauka haka aka tsara. Ni kuwa ina nan a durƙushe, don ba wanda ya ce in tashi, kuma na kasa gane ko ceto na aka yi ko yanka ni aka yi. Sai da aka shigo da tukunyar dafa-duka aka ce in matsa.

Washegari bayan azahar Rakiya ta ce Baba na kira na a bayan gida. Na tafi ina shirya ban-haƙuri. Na tarar da shi a kan tabarma a inuwa, gabansa kwanon fura ɗaya da ludayi biyu. Na durƙusa daga nesa yadda na saba.

"Ba can ba. Nan," ya ce, ya nuna gefensa.

Na zauna kamar a kan ƙaya. Ya tura mini ludayi.

"Sati nawa ka yi kana yin ta?"

"Uku, Baba."

Ya sha fura, sannan ya ce, "Ta gidan ma ba ta nan. Gara ta ci icen, tsatsa ta ci ƙarfen, maƙerin da zai iya gyara ta ya rasu. Shekara shida ke nan. Jirgi kawai na ɗora wa laifi." Ya goge baki. "Da ka kawo mini ita a miƙe kamar ta hoto, wallahi kuka zan yi a gaban surukai. Da na gan ta a lanƙwashe sai na ji sanyi. Na ce ashe ba ni kaɗai ne bindiga ta lalace a hannuna ba. Kada ka faɗa wa yaran."

Muka shanye furar nan tare.

Na shigo gida ina tafiya a hankali, da sirrin sarkin maharba a cikina, ina jin ba kamar ni. Rakiya tana wanke tukunya, ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Ya ce maka gara ta cinye ta?"

Na tsaya. "Kin sani?"

"Kowa ya sani. Inna ta faɗa mana tun shekarar."

"To me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"In tona wa ubana asiri a gaban surukinsa? Ai na ce ka bar ta."

Yanzu abin ya daina zama sirri, don da Baba ya koma gida shi da kansa ya riƙa ba da labarin a majalisarsa, da na garar da na tukunyar, har mutane suka haddace. Bakan yana rataye a falon Habibu. Duk Juma'a Baba yakan kira, kuma wayata yake kira, sai mun gama sannan ya ce a ba shi 'yarsa. Kwanan baya ya tambaye ni ko na'urar tawa tana yin kibiya. Na ce, "A'a, Baba, ba ta yi." Ya yi dariya har da tari.

Abin da na koya shi ne, in dattijo ya yi ƙorafi ka ga 'ya'yan cikinsa sun yi shiru, kai suruki ba wayo ka fi su ba, akwai abin da suka sani. Sai dai in zan faɗi gaskiya, ladabin shekara tara bai sama mini ludayi a kwanon Baba ba, sai da na sha kunya a gaban Kano da Kumasi. Har yau ban gane yadda abin yake ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya gwada.